Fayil ɗin da ya ɓace: daga Lahore zuwa rld.dll

 Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari sautin ba.

Yau da labarin kaina zan fara. A ƙarshen shekarar 2012 PES 2013 ya fito, wanda aka sa hoton Cristiano Ronaldo a bangonsa, duk majalisar da ka je maganarsa ake yi. Na tara 'yan kuɗina na je wani shago a nan Kano, aka tura min shi a filashi. Na dawo gida na jira aka kawo wuta, na ɗora shi a laftof, na danna. Maimakon filin ƙwallo sai wani ɗan akwati ya fito a allo, wai an kasa buɗe wani fayil mai suna rld.dll. Na goge na sake ɗorawa, haka. Na kashe kwamfutar na kunna, haka. Washegari na koma shagon rai a ɓace. Yaron da ke wurin ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Malam, antibairos ɗinka ne ya cinye shi. Kashe shi ka sake kwafa." Na kashe, na kwafa, gem ya tashi. Ranar har asuba ina buga Master League.

Na san da yawa daga cikinku an taɓa faɗa muku wannan maganar. To yau ita za mu bi mu ga daga ina ta taso, don sai bayan shekaru na gane cewa haruffan nan uku, r da l da d, sa hannun wasu mutane ne, kuma ɗan akwatin da ya fito min tabo ne na wani faɗa da aka shafe shekara kusan arba'in ana yi.

Bari mu fara da shi kansa DLL ɗin. Ku ɗauki misalin injin markaɗe na unguwa. Ba kowane gida ke sayen injinsa ba. Guda ɗaya ne a bakin layi, mai ƙosai ta kai wakenta, mai kunu ta kai geronta. Haka Windows take tun farkonta a 1985, lokacin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta taka kara ta karya ba. Maimakon kowace manhaja ta ɗauko duk kayan aikinta a ka, sai aka ajiye wasu kayan a fayiloli na tarayya, duk mai buƙata ya ara. Waɗannan su ne DLL. Dabara ce mai kyau, sai dai ranar da injin ya lalace ko wani ya ɗauke shi, unguwa gaba ɗaya ba ƙosai. A shekarun 1990 abin ya kai ka ɗora sabuwar manhaja ta sauya maka fayil ɗin tarayya da irin nata, tsohuwar manhajarka ta daina aiki, har masu harkar suka yi wa matsalar laƙabi da jahannamar DLL.

A nan akwai bambancin da nake so ku riƙe, don yawancin ruɗanin daga nan yake. Fayilolin da ke ɓacewa iri biyu ne. Akwai irin su d3dx9_43.dll da xinput1_3.dll, na DirectX ne, ko MSVCP140.dll da VCRUNTIME140.dll, na Visual C++ ne. Waɗannan na Microsoft ne, kyauta ake samunsu a wurinsu, kuma ko wanda ya sayi gem da guminsa suna iya yi masa haka. Ba su da wani dogon labari. Iri na biyu su ne rld.dll, da 3dmgame.dll da ya addabi masu GTA V a 2015, da kuma babban yayansu steam_api.dll idan aka sauya shi. Su waɗannan ba ɓacewa suke yi ba, kama su ake yi.

Yanzu mu koma baya. Kukan masu manhaja a kan satar fasaha ya girmi yawancinmu. Tun a watan Fabrairun 1976 Bill Gates, yana ɗan shekara ashirin, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa mutane na kwafar manhajarsu ta BASIC ba sa biya. Amma labarin da ya fi ɗaure min kai shi ne na 1986. A birnin Lahore na Pakistan akwai wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suna da shagon kwamfuta. Su ne suka rubuta Brain, wanda ake lissafa shi a matsayin bairos na farko da ya yaɗu a irin kwamfutocin IBM da muke amfani da jikokinsu a yau. Yana ɓuya ne a farkon faifan fulofi, duk faifan da aka sa a kwamfutar ya kamu. Dalilin da suka bayar kuwa, wai mutane ne ke kwafar manhajarsu ba izini, suna so su bi sawu. Don ku san ba ɓuya suke yi ba, sunayensu da adireshin shagonsu da lambar wayarsu duk suna rubuce a cikin bairos ɗin. Ba su ankara ba sai ga kira daga Amurka da Ingila, mutane na zage-zage. A 2011 wani masanin tsaron kwamfuta ɗan Finland, Mikko Hyppönen, ya bi wannan adireshin har Lahore, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya same su suna nan.

Shekara guda bayan Brain, a 1987, John McAfee ya kafa kamfaninsa na antibairos. Kun ga yadda abin ya fara ke nan. Mai kaya ya ɗana tarko don ɓarawo, tarkon ya zama annoba, aka kafa sana'ar maganin annobar. Tun daga haihuwa su ukun nan cibiyarsu a wuri ɗaya aka binne.

Su ma masu fasa kwaɗon a daidai lokacin suka taso. Razor 1911 a Norway aka kafa ta a 1985, Fairlight a Sweden a 1987, yara ne matasa masu kwamfutar Commodore 64. A farko ba kuɗi suke nema ba, suna suke nema, wa zai riga wa fasa sabon gem ya liƙa tambarinsa a gaba da ɗan kiɗa. Kariyar wancan zamanin ma abin dariya ce. Wanda ya buga Prince of Persia na asali zai tuna ɗakin nan mai cike da kwalabe, kowace da harafi a kanta, a ce ka buɗe littafin da ya zo da gem ɗin, shafi kaza layi kaza, ka sha kwalbar da ta dace. Ba ka da littafi, ka sha guba. Masu fasa kwaɗo sai su cire tambayar kawai, shi ke nan.

Da faifan CD ya zo sai wasa ya canza. Kamfanoni suka koma sayen kwaɗo daga ƙwararru: SafeDisc, da SecuROM na Sony, da StarForce na Rasha. A nan ne, a ganina, masu kaya suka fara zubar da girmansu. Don su hana kwafa sai suka riƙa cusa wasu ƙananan manhajoji can cikin hanjin Windows, wurin da ko mai kwamfutar ba ya leƙawa, kuma sau da yawa ba tare da an faɗa masa ba. StarForce ta yi ƙarfi sosai, Splinter Cell: Chaos Theory na 2005 sai da ya haura shekara guda ba a fasa shi ba. Waɗanda suka fasa shi ɗin su ne wata ƙungiya da aka kafa a 2004 mai suna Reloaded. Yawwa, su ne rld ɗin nawa.

A watan Oktoban 2005 kuma Mark Russinovich ya gano cewa faifan waƙoƙin Sony BMG na dasa wata ɓoyayyiyar manhaja a kwamfutar duk wanda ya sa su, tana ɓoye kanta da irin dabarar da miyagun bairos ke yi. Ba a jima ba masu bairos na gaske suka fara fakewa a bayanta. Sony ta sha ƙara a kotu, ta janye faifan. Kamfanonin antibairos suka tsinci kansu suna farautar kayan babban kamfani mai rajista. A 2008 Spore ya fito da SecuROM da ke ƙayyade maka ɗorawa sau uku kacal, mutane suka fusata, ya zama gem ɗin da aka fi satarsa a shekarar. Wanda ya biya yana fama da kwaɗo, wanda ya sata yana wasansa hankali kwance. Abin da ya fi ba ni dariya duk a 2008 ɗin ne: Ubisoft ta fitar da gyara ga masu Rainbow Six Vegas 2 da suka saya ta intanet amma gem ɗin na neman faifai, mutane suka buɗe gyaran suka tarar kirak ɗin Reloaded ne a ciki. Mai gida ya ɓatar da makullinsa ya ari na ɓarawo. Daga baya ita kanta Microsoft, da Windows 10 ta fito a 2015, ta toshe SafeDisc saboda ya zama ƙofar ɓarna, tsofaffin faifan da mutane suka saya da kuɗinsu suka daina tashi.

To sai zamanin Steam. Valve ta buɗe shi a 2003, a hankali ya zama babbar kasuwar gem ta kwamfuta, faifai ya mutu. Yanzu maimakon a duba faifai, gem ɗin yana da wani ɗan aike a cikin foldarsa, shi ne steam_api.dll. Kana danna gem sai ya aiki yaron nan wurin Steam: wannan mutumin ya saya kuwa? In an ce e, a buɗe. Me masu kirak suka yi? Suka cire ɗan aiken gaskiya suka ajiye nasu, mai irin sunansa da irin rigarsa, wanda ko ƙofar gida ba ya fita, duk abin da aka tambaye shi ya ce e.

Yanzu ku sa kanku a matsayin antibairos. Shi fa mai gadi ne. Da can da hoto yake aiki, yana da kundin fuskokin ɓarayin da aka sani, in ya ga mai kama ya cafke. Da ɓarayi suka koyi sauya kama sai aka koya masa lura da hali. Ƙarfe biyun dare ya ga mutum ya naɗe fuska, yana amsa sunan wani, ba shi da katin shaida, yana riƙe da tarin makullai a ƙofar gidan da ba nasa ba. Mai yiwuwa maƙeri ne aka kira ya gyara kwaɗo. Amma mai gadin da ya bar irin wannan ya wuce, me ake biyansa ya yi? Kirak duk yana da waɗannan halayen. Yana amsa sunan fayil ɗin wani. Ba shi da sa hannun kamfani. Yana kutsawa cikin wata manhajar tana tsaka da aiki ya sauya mata umarni. Kuma sau da yawa ana naɗe shi da irin su VMProtect ko Themida don kada kamfani ko kishiyoyin ƙungiya su karanta sirrin, irin naɗin da masu bairos ma ke yi. Sai mai gadi ya ɗauke shi ya killace ba tare da ya yi maka sallama ba. Kai kuma ka danna gem, gem ya nemi ɗan aikensa bai gani ba, ya ce fayil ya ɓace. Ba ƙarya ya yi ba, amma bai faɗa maka wa ya ɗauke shi ba.

Kuma a da, mu a nan, da yawa kwamfutocinmu ba su da mai gadin kirki. Ko dai antibairos ɗin ya daina sabuntawa tun ranar da aka sayo laftof ɗin, ko kuma ɗan Smadav ne kawai muke ajiyewa saboda bairos ɗin nan da ke mai da fayilolin filashi shotkot, wanda duk wanda ya taɓa zuwa buga takarda a kafe ya san shi. Amma daga Windows 8 a 2012 Defender ya zama cikakken antibairos da ke zuwa a kunne tare da kwamfuta. Kowa ya samu mai gadi ko bai nema ba, kukan ɓacewar fayil ya ƙaru.

Kada in yi wa mai gadi kara da yawa, shi ma yana kuskure. A watan Afrilun 2010 wani sabuntawa na McAfee ya ɗauki svchost.exe, fayil ɗin Windows XP na asali, a matsayin bairos, kwamfutocin ofisoshi da asibitoci suka yi ta mutuwa suna tashi. Kuma ko a kan kirak, sau da yawa sunan da Defender ke ba shi yana nuna kayan fasa kwaɗo ne kawai ya gani, ba wai ya tabbatar da guba ba. Yaron shagon nan a 2012 gaskiyarsa ce, ban ga wata illa da rld.dll ɗin ya yi min ba. Kuma matsalar ke nan. Sau goma aka ce maka ka kashe antibairos, ka kashe, ba abin da ya faru. An horar da al'umma guda, daga Kano har Jakarta, cewa jan gargaɗin nan surutu ne kawai.

Sai aka zo 2014, wani kamfani a Salzburg ta ƙasar Austria mai suna Denuvo, wanda tsofaffin ma'aikatan sashen SecuROM suka kafa, ya fito da sabon kwaɗo, ya fara da FIFA 15. Wannan ya gagari mutane da yawa. A farkon 2016 shugabar ƙungiyar 3DM ta China, bayan sun sha wuya a kan Just Cause 3, ta yi hasashen cewa nan da shekara biyu gem ɗin sata zai iya ƙarewa. Bai ƙare ba, 'yan CPY na Italiya sun fasa wasu, amma fagen ya ragu. A 2018 'yan sandan Bulgeriya suka kai samame gidan wani matashi da ya yi suna wajen fasa Denuvo. A Fabrairun 2022 CODEX, wadda ta fi kowa yawan aiki a lokacin, ta sanar da cewa ta ajiye sana'ar.

Ga kuma abin da yawancinmu ba mu sani ba. Waɗannan tsofaffin ƙungiyoyin ba su da shafin intanet na jama'a, su da kansu sun sha rubuta haka a takardar da suke liƙawa da kirak ɗinsu. Shafukan da kuke gani da sunan Skidrow ko Reloaded, wasu ne daban suka ari sunan. Kafin gem ya iso filashinka ya bi hannu biyar ko shida, kowane hannu na iya ƙara nasa gishirin. Hausawa suka ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutumin da ke biyan kuɗin ajiye gem mai gigabait sittin don ka sauke kyauta, da me yake cin abinci?

A watan Yunin 2021 kamfanin Avast ya ba da amsa guda. Sun gano wani bairos da suka sa wa suna Crackonosh, yana yawo tun 2018 a cikin gem ɗin sata irin su GTA V, Far Cry 5, NBA 2K19, The Sims 4, da namu na gida, PES 2018. Ku ji dabararsa. Ba ya motsi nan take, sai an kashe kwamfutar an kunna sau da dama, ka manta da shi. Sannan ya sa ta tashi a yanayin nan na gyara da antibairos ba ya aiki a ciki, ya goge antibairos ɗin, ya kashe sabuntawar Windows, ya ajiye tambarin tsaro na bogi a ƙasan allo don ka ga kamar komai lafiya. Daga nan laftof ɗinka ta koma yi masa haƙar kuɗin kirifto na Monero. Kai dai ka ga fanka na ihu, batir na ƙarewa, ka ce zafin Afrilu ne. Avast ta ƙirga kwamfutoci sama da 222,000, da kuɗin da ya haura dala miliyan 2.

Ni ba zan zauna a nan in yi wa kowa wa'azi ba, kun ji ta inda na fara. A da sabon gem dala 60 ne, daga 2020 wasu suka koma 70, ku lissafa da canjin yau. Akwai ma lokacin da ko kana da kuɗin katin naira ba zai biya maka a waje ba. Na san dalilin da ke kai yaro wurin mai filashi. Kuma hanyoyi sun ɗan buɗe: GOG na Poland tun 2008 yake sayar da gem ba kwaɗo, Epic na rabon gem kyauta duk mako har GTA V sun taɓa bayarwa a watan Mayun 2020, shi ma PES ya koma eFootball na kyauta a 2021, duk da yadda ya fito a farko sai dai a yi shiru. Abin da kawai ba na yarda da shi yanzu shi ne mutum ya ga fayil ya ɓace ya tafi shafukan nan masu raba DLL ɗai-ɗai. In ka yi sa'a ka samu na asali, gem ɗin ya buɗe Steam ya ce ka biya. In ka ɗauko na 32 a wurin na 64 ka samu sabon ciwon kai mai suna 0xc000007b. In ba ka yi sa'a ba kuma, ka gudu ne daga gara ka faɗa gidan zago.

Wannan na ƙarshen shi ya samu ƙanina a 2021, yana ajin ƙarshe a jami'a. Ya kira ni wajen sha ɗayan dare. "Yaya, duk fayilolina sun ƙi buɗewa." Na ce me ka ɗora? Ya yi shiru, sannan ya ce wani gem ne ya ce fayil ya ɓace, ya nemo a intanet, umarnin ya ce ya kashe Defender tukuna. Na ce wa ya koya maka kashe Defender? Ya ce, "Ai kai na ga kana yi."

Da safe ya kawo min laftof ɗin. Kowane fayil an ƙara masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna, kowace folda da 'yar takarda mai suna _readme.txt. Irin bairos ɗin garkuwa ne da ake kira STOP ko Djvu, wanda ya yi suna wajen bin kirak. Kuɗin fansa dala 980, in ka biya cikin awa 72 a yi maka ragi zuwa 490, kamar a kasuwar Kwari. Akwai manhajar kyauta ta Emsisoft da ke kwance wasu nau'o'insa, mun gwada, nasa ba ya ciki. Hotunan bikin yayarmu sun tafi, babi huɗu na furojet ɗinsa sun tafi. Abin da ya rage babi na ɗaya da na biyu ne, su ma don ya taɓa tura wa malaminsa ta imel. Sauran biyun da hannu ya sake rubuta su cikin mako uku, a kan laftof ɗina, wadda har yau akwai tsohuwar foldar PES 2013 a cikinta.